Huɗu da Uku, Arba'in da Uku

Shagon yayana yana kan hanyar da ke gangarawa bakin ruwa a Yelwa, tsakanin wani mai gyaran injin jirgi da wata mata mai tuyar ƙosai. Da buga takardu muka fara, kuma ni ce mai bugawa, domin na koyi keken rubutu bayan na gama sakandare. Jihar Kebbi a lokacin ba ta daɗe da haura shekara goma ba, ofisoshi sababbi ne, kowa na neman aiki ko canjin wurin aiki, saboda haka ba na rasa abin bugawa. Wata shekara Yaya ya tafi Kaduna ya dawo da ƙaton farantin kama intanet ɗaure a saman mota. Aka kafa shi a kan rufi, aka jera tsofaffin kwamfutoci a kan dogon tebur, shagonmu ya zama shagon intanet.

Cikin kayan da ya zo da su har da wani littafi mai kauri, bangonsa a yage, na koyon haɗa shafin intanet. Don kansa ya saya, amma Yaya mutum ne na waya da sukurdireba, da ya buɗe littafi sai hamma. Ni na gaje shi. Da rana tsaka, in zafi ya kori mutane, sai na jawo kujera kusa da fanka na riƙa karantawa ina gwadawa. Wani abokin Yaya a Kaduna ya ba mu ɗan wuri a cikin babbar kwamfutarsu, irin wadda ba a kashewa, wadda ke riƙe da shafuka don kowa ya iya buɗe su daga ko'ina. Shafina na farko sallama ce kawai da koren rubutu. Na buɗe shi ya fi a ƙirga a ranar.

Kawu ne ya ba ni aiki na gaske. Ƙanen Inna ne, yana zaune a wani ƙauye kusa da Wara, yana da jirgi mai inji da yake kawo albasa da mutane Yelwa ranar kasuwa. Shi Kirista ne, har yakan yi wa'azi a cocinsu. Inna Musulma ce. Babbar yayarsu, wadda muke kira Inna Babba, tana nan kan abin da ta taras iyayensu na yi. Su ukun a tsibiri aka haife su, tsibirin da tafki ya rufe lokacin da aka datse kogin Kwara aka tashi mutane zuwa tudu. Da bazara, in ruwa ya ja baya sosai, ƙoƙon tsibirin yakan leƙo.

Wata ranar kasuwa Kawu ya zauna a shagonmu yana shan ruwan sanyi, ya ce yana son ya tara zuri'arsu a hutun Ista, a tafi tsibirin gaba ɗaya, yara su ga inda aka fito tun tsofaffi na da ƙafar zuwa. Matsalar ita ce dangi sun watsu. Akwai na Jos, na Fatakwal, na Legas, na Sakkwato, ga 'yan makaranta a Zariya. Wayar hannu ba ta yawaita ba tukuna. Shi kuma Kawu ba ya wasa da lodi. Ya ce dole ya san manya nawa ne, yara nawa ne, domin yara a tsakiyar jirgi yake zaunar da su, kuma ba ya ƙara ko mutum ɗaya kan abin da jirgi ke ɗauka. Inna ma tana son sanin shinkafar da za a sussuka da waɗanda za su kwana.

Yaya ko kallona bai yi ba ya ce ƙanwarsa za ta haɗa shafi, kowane gida ya shiga ya rubuta. Na ce zan gwada.

Na yi shafin da akwatuna huɗu: sunan mai gida, manya nawa, yara nawa, da kuma ko za a kwana. A wani shafin na dabam, wanda mu kaɗai muke buɗewa, na sa kwamfuta ta riƙa haɗa manya da yara ta nuna jimillar kowane gida. Muka aika adireshin ga matasan dangi masu imel, aka ce su je shagon intanet na garinsu su cika wa iyayensu.

Amsa ta farko daga Jos ta zo, daga wani ɗan'uwan su Inna, malamin makaranta. Inna na shagon a lokacin, ta kawo mana abincin rana. Na kira ta ta zo ta gani da idonta, ina ta washe baki. Na buɗe shafin jimilla, sai ga shi ya rubuta cewa gidan malamin mutum arba'in da uku ne za su zo.

Inna ta sunkuya ta dubi gilashin, ta ɗago ta dube ni.

Ta ce, "Shi da matatai guda, ina yas samo mutum arba'in da uku? Ko ajin da yake koyarwa za shi kwaso muna?"

Na duba abin da malamin ya rubuta. Manya huɗu, yara uku. Kwamfuta ta ɗauki huɗu ta ajiye, ta kawo uku ta manna a gefensa. Kafin la'asar wani gidan ya aiko da manya biyu, yara biyar, ta ce ashirin da biyar ne. Yaya ya yi dariya har ya riƙe ciki, ya ce in aka tafi a haka Kawu sai ya ɗauko hayar jirgin da ke ƙetarar da motoci.

Amsar tana cikin littafin, a wani babi da na tsallake saboda ba shi da hotuna. Duk abin da mutum ya buga a cikin akwati, a matsayin rubutu yake isowa, ko da lamba ce ido ke gani. Huɗun da malamin ya buga, a wurin kwamfuta ba shi da bambanci da harafin ba ko ta. In ka ce ta haɗa rubutu biyu, jera su za ta yi. Sai ka umarce ta ta mai da rubutun lamba tukuna, sannan ta iya lissafi da shi. Na ƙara wannan umarnin, arba'in da uku ya koma bakwai, na ji kamar ni na ƙirƙiro lissafi.

Na ɗauka an gama. Amsoshi suka ci gaba da shigowa, jimilla na tafiya daidai, babu wata lamba mai tayar da hankali. Sai wata rana Inna ta tambaye ni gidan Fatakwal. Matar gidan 'yar'uwarta ce, tare suka yi wasan ƙasa a tsibiri, rabonsu da juna tun bikin Yaya. Na duba na ce mata sun amsa, amma sifili ne, ba wanda zai zo. Inna ta tattara kwanoninta ta tafi. Da na koma gida na tarar ko tuwon dare ba ta ci ba.

Washegari na buɗe ainihin abin da suka rubuta, kafin kwamfuta ta taɓa shi. A akwatin manya, ɗan matar ya buga "mu duka". A na yara ya buga "har da jikoki".

Ashe umarnin da na yi amfani da shi yana da wani hali. Yana karanta lambobi daga farkon rubutu, in ya ci karo da harafi ya tsaya, in kuma bai samu lamba ko ɗaya ba sai ya ba da sifili, shiru abinsa. Na bi sauran amsoshin ɗaya bayan ɗaya. Wani ya rubuta "3 ko 4", an ɗauki uku. Wani ya rubuta "in Allah ya yarda", sifili. Wani ango a Legas ya rubuta "biyu da rabi", domin amaryarsa na da ciki, shi ma sifili. Wata ta bar akwatin yara babu komai, ban sani ba ko ba ta da yara ne ko mantawa ta yi, ita kuwa kwamfuta ta yanke mata hukunci. Na ga gara ma arba'in da uku, domin shi da ka gan shi ka san akwai matsala. Sifilin nan kuwa ya zauna a layi kamar mutumin kirki.

Na aika mai ƙosai ta gaya wa Inna cewa mutanen Fatakwal na tafe har da jikoki. Sannan na sake tsarin. Daga yanzu sai rubutun ya zama lamba tun daga farkonsa har ƙarshensa za a karɓa. In ba haka ba, kada kwamfuta ta yi wa kowa zato, ta mayar masa da shafin ta sake tambaya. Na sa ta riƙa nuna "Ba daidai ba ne" da jan rubutu.

Wannan jan rubutun bai yi kwana biyu ba. Inna ta gani ta ce wane irin rashin kunya ne, dattijo ya ce in Allah ya yarda, a ce masa ba daidai ba ne. Na yi mata bayanin cewa ba za a iya zaunar da in Allah ya yarda a jirgi ba. Ta ce ta ji, amma akwai yadda ake magana da manya. Ta zauna a kujerar masu jiran takarda ta yi mini shifta, ina bugawa. Saƙon ya fara da sannu da ƙoƙari, ya roƙi a taimaka a rubuta lamba kaɗai a wannan akwatin saboda mai jirgi, ya ce akwai wurin gaisuwa da addu'a a ƙasa. Haka aka samu akwati na biyar, babba, inda kowa zai faɗi abin da ke ransa. Shi ya fi kowane akwati cika. Kullum sai na buga gaisuwar a takarda na kai wa Inna gida na karanta mata.

Akwatin kwana ma ya yi nasa. Amsoshin da ke ciki duk na masu kwana ne: eh, i, awo, to, me zai hana. Inna ta fara aron tabarmi a unguwa. Sai wani ɗan'uwa ya aiko imel daga Sakkwato yana cewa shi duk sanda ya aika sai shafin ya watse, ya fito da wani dogon Turanci. Na tambaye shi me ya rubuta, ya ce a'a kawai, domin shi ranar zai juya. Na gwada da kaina, shafin ya watse. Abokin Yaya na Kaduna ne ya warware mini. 'Yar alamar nan da ke tsakiyar a'a, ita ce rumbun ajiyar bayanai ke amfani da ita ya gane inda rubutu ya ƙare. Da ya gan ta sai ya ɗauka magana ta ƙare, abin da ya biyo baya kuma umarni ne ake ba shi. Duk wanda ya ce ba zai kwana ba, shafin ya kore shi ke nan. Ya nuna mini yadda ake miƙa wa rumbun rubutu a ƙunshe, ta yadda ba zai taɓa ɗaukarsa umarni ba. Na kuma cire akwatin na sa maɓalli biyu, za mu kwana da ba za mu kwana ba. Inna ta mayar da rabin tabarmin.

Duk waɗannan mutane ne masu kyakkyawar niyya. Wanda ya zo da gangan shi ne ɗan Kawu, taubashina, wanda ke karatun injiniya a Zariya. Tun muna yara ba ma haɗuwa a rabu lafiya. Shi ya taɓa sa mini ƙwaɗo a jakar makaranta, ni kuma na taɓa zuba masa barkono a fura. Da ya ji labarin ni ce na haɗa shafin, sai ya samu abin yi.

Da safe na buɗe jimillar dangi gaba ɗaya na ga ta ragu maimakon ta ƙaru. Na bi layi na ga sunansa. Ya rubuta manya tara, amma da alamar ɗebewa a gaba. Lamba ce kuwa, tun daga farko har ƙarshe, don haka kwamfuta ta karɓa ta ɗebe mutum tara daga dangin. A akwatin gaisuwa ya ce yana rage wa babansa lodi ne.

Na cire akwatunan lamba, na sa irin jerin nan da ake dannawa a zaɓa, daga sifili zuwa ashirin. Babu wurin bugawa ma balle a yi ɓarna. Na aika masa imel na ce ya zo ya gwada, na gaya wa Yaya na kulle ƙofa.

Washegari shagon cike yake da 'yan makaranta masu duba sakamakon jarrabawa. Na buɗe shafinmu a kwamfutar da ke fuskantar ƙofa. Gidan Kawu ya aiko da yara dubu biyar. Wannan ma da sauƙi. A wurin gaisuwa sai ga wani ƙaton jan rubutu yana tafiya daga dama zuwa hagu, yana fita yana dawowa, yana cewa taubashiyata ta iya kwamfuta, tuwo ne dai ba ta iya ba. 'Yan makarantar suka karanta da ƙarfi. Mai gyaran inji ya leƙo da baƙin mai a hannunsa ya tambayi abin da ake wa dariya, aka karanta masa, ya ce shi ba ruwansa, amma ya taɓa cin tuwon.

Na rubuta wa taubashin nawa wasiƙar da ba zan maimaita a nan ba. A ƙarshenta dai na sauke kai na tambaye shi yadda ya yi. Amsarsa gajera ce, kuma har yau ina tuna ta:

"Jerin da kika sa, a kwamfutar da ke gabana yake, ba a taki ba. Abin da ke hannuna kuwa yadda na so nake yi da shi. Ban ma taɓa jerin ba, a layin adireshi na rubuta abin da nake so na aika. Ki sa mai gadinki a can Kaduna inda saƙo ke sauka. Kuma tuwon gaskiya na faɗa."

Jan rubutun ma haka ya yi shi. Ya saka umarnin shafi a cikin gaisuwa, ni kuma na nuna gaisuwar yadda ta zo, kwamfuta ta bi umarninsa kamar nawa ne.

Na yi kwanaki ina gyara. Na dawo da akwatunan lamba, na mayar da duk binciken can inda saƙo ke sauka. Kowane abu da ya iso, ko daga wa ya fito, sai an tambaye shi: lamba ce cikakkiya, tana tsakanin sifili da ashirin, amsar kwana ɗaya ce daga cikin biyun da na sani? Gaisuwa kuma a wanke ta, duk alamar da ke kama da umarni a nuna ta a matsayin rubutu kawai. Daga nan wasan ya zama na kullum. Shi yana fitowa daga lacca ya shiga shagon intanet ya jefo wani abu, ni kuma da safe na duba ko ya wuce. Ya aiko harafin o a madadin sifili. Ya aiko biyu da ɗigo biyar. Ya aiko lamba da fili a gabanta, wannan kam na ga ba laifin kowa ba ne, na sa a share filin a karɓa. Ya aiko gaisuwa mai tsawon littafi, na sa iyaka. Wani lokaci ya ci, wani lokaci na ci. Ban taɓa jin daɗin aiki kamar na waɗannan makonnin ba, har Yaya ya fara ƙorafin cewa masu takardu na jira ina can ina faɗa da Zariya. Ranar da ya aiko imel ya ce ya gaji, jarrabawa ta matso, na buga saƙon a takarda na manna a bango.

Tsananin nawa ya kama wanda bai ji ba bai gani ba. Akwai wani ɗan'uwanmu da ke karatu a Sudan. Iyayensa suna Shanga, nan kusa da mu, amma da yake shi ne mai imel a gidan, sai babansa ya aika masa saƙo can, shi kuma ya cika shafin daga can, amsar ta dawo Yelwa. Ya koka a akwatin gaisuwa cewa yana ta rubuta lamba ana ce masa sannu da ƙoƙari. Na duba abin da yake aikowa, na ga ɗan zagaye kamar sifili. Na daɗe ina kallonsa kafin na tuna lambobin da ke ƙasan shafukan littattafanmu na Islamiyya. Biyar ce ta Larabci. Mutumin lamba ya rubuta tsakani da Allah, mai gadina ne bai yi makarantar allo ba. Na koya masa lambobin Larabci goma, kowace da takwararta, aka karɓi mutanen Shanga su biyar.

Saura makonni kaɗan a tafi, Kawu ya zo da Inna Babba. Ta ce a kawo ta ta ga abin da ke ƙidayar mata dangi. Ta shigo da sandarta, ta ƙi zama, ta tsaya tana kallon gilashin ina karanta mata gida gida. Da na gama ta yi magana da harshensu na tsibiri, wanda nake ji amma ba na iya mayarwa sosai, Kawu ya ƙarasa mini da Hausa. Ta ce ba a ƙidaya mutane kamar awaki, musamman in za su hau ruwa. Na dubi Kawu, domin shi ya nemi ƙidayar. Ya sosa ƙeya ya ce shi ma dai mazauni yake ƙirgawa, ba kawuna ba.

Na ce, "Inna Babba, in na rubuta mazauni nawa za a tanadar wa gida a jirgi, ya yi?"

Ta ce katako ba ya jin komai, a ƙirga shi. A gabanta na canza tambayar. Lissafin bai canza ba ko kaɗan, amma ta fita tana sa mini albarka, har ta tsaya ta karɓi ƙosai.

Ranar tafiya da hantsi muka taru a bakin ruwa a ƙauyen Kawu. Na zo da takardata, shi kuma ya tanadi jirginsa da na maƙwabta daidai da ita. Waɗanda suka cika shafin sun zo kusan yadda suka faɗa, sai gida ɗaya da mota ta lalace musu a hanyar Kontagora. Amma mutanen ƙauyukan bakin tafki, waɗanda ba su taɓa jin labarin wani shafi ba, sun ji ana taro, suka zo da kwale-kwalensu da tukwanensu da busasshen kifi. Sun kusa kai yawan na takarda. Ba su nemi mazauni a wurin kowa ba, sai ma suka rage wa Kawu 'yan samari. Taubashina ya zo da gilashin rana yana taƙama, na sa shi dakon buhun shinkafa.

Tafiyar ba ta da nisa sosai. Ruwan ya kwanta, yara a tsakiya suna ta nuna tsuntsaye, 'yan Legas sun ƙanƙame gefen jirgi. Inna da 'yar'uwarta ta Fatakwal suna zaune wuri ɗaya, hannunsu a haɗe, suna magana da harshen da ban taɓa jin Inna ta daɗe tana yi haka ba.

Abin da ya rage na tsibirin bai fi filin ƙwallo ba. Laka ce busasshiya ta tsattsage, da kututturan itatuwa baƙaƙe, da fasassun tukwane ko'ina. Kawu ya yi addu'a irin tasu, Yaya ya yi tamu, Inna Babba ta je gindin wani kututture ita kaɗai ta zuba abin da ta zo da shi a ƙwarya, kowa ya ba ta wuri. Bayan nan aka hura wuta aka ɗora tukwane.

Ana jiran shinkafa ta nuna sai gardama ta tashi tsakanin Inna da Inna Babba kan inda ɗakin mahaifiyarsu yake. Inna ta ce gabas da babban kututturen. Inna Babba ta ce ita da ta share ɗakin shekara da shekaru za a gaya wa, yamma yake. Kawu ya ce shi a iya saninsa wurin na can ƙarƙashin ruwa, su biyun suka ce masa ya yi shiru, ƙaramin yaro ne shi lokacin da aka tashi. Kowace ta ja 'yan kallo zuwa nata wurin. A wurin da Inna ta nuna, ɗaya daga cikin jikokin Fatakwal ta yi tuntuɓe da wani abu a cikin laka. Aka tono, sai ga dutsen niƙa, tsakiyarsa ya lotsa saboda aiki.

Inna ta durƙusa ta shafa shi, ta ce na mahaifiyarsu ne, ta gane shi. Inna Babba ta zo ta duba, ta ce kowane gida a tsibirin yana da irinsa, wannan ma ya yi kama da na maƙwabtansu masu rowa. Amma na ga ita ma ta sa tafin hannunta a cikin lotsawar ta daɗe ba ta ɗauke ba.

Inna ta ce ba za ta bar shi ba. Kawu ya ɗaga dutsen ya ji nauyinsa, ya ce mazaunin mutum guda ne cur, sai dai wani ya koma kwale-kwale. Yaya ya koma, ya iso gaɓa wandonsa sharkaf. Da mota aka ƙarasa da dutsen Yelwa, aka ajiye shi a gindin bishiyar lemun tsakar gidanmu. Inna ta wanke shi, ta samo masa ɗan dutse a kasuwa, ta koma niƙa kayan miya a kansa duk da injin markaɗe na nan a bakin layi. Duk sanda Inna Babba ta zo Yelwa sai ta ce na maƙwabta ne, sannan ta nemi a ƙara mata miyar.